Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lantarki kan Fankokin Lambar Rimi

Ranka ya daɗe,

Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina aka ɗauko maganar samar da lantarki daga iska a Lambar Rimi: fankoki 37, megawat 10, aikin kamfanin Vergnet na Faransa. Sace injiniyansu a 2012 ya kawo tsaiko. Uzuri ne, amma uzuri ma yakan tsufa.

Fanka sai da mai kula, balle a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. A koya wa matasan Rimi gyaranta, kada kowace ƙaramar matsala sai an jira Bature. Ƙauyukan da ke kwana ƙarƙashin turakun fankokin nan su fara shan wutar.

Sannan a riƙa faɗa mana, wata-wata, yawan wutar da tashar ta bayar.

Wassalam,
Wani Bakatsine