Mai Son Ƙetare Iyaka da Babur Ya Fara Neman Ilmin Madugu

Tun daga shekarar 2022, sa'ad da wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya hawo babur daga birnin Landan har Legas domin faɗakar da jama'a a kan cutar shan-inna, kana a 2024 wata baiwar Allah, Pelumi Nubi, ta biyo sawunsa ita kaɗai cikin 'yar ƙaramar mota, sha'awar irin wannan doguwar tafiya ta shiga zukatan samarinmu, har ya zamana a majalisun Kontagora kana iya jin wani yana lissafin kwanakin da za su kai shi Agadas, wani kuwa Kumasi yake hange. Wannan ba abin mamaki ba ne ga garin da babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ratsa shi, ta bi ta Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal da Sakkwato, ba ta tsaya ba sai Illela, inda ake tsallakawa Birnin Ƙonni. Ni kam ban ga aibin wannan buri ba, hasali ma ina goyon bayansa, domin Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara da ke nan maƙwabtanmu, da ya komo daga Ingila a 1943 bai raɗa wa littafinsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi a banza ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ta zancen tashi, alhali zancen shiri ba a cika jin sa ba.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa kai kanwa da tufafin Kano zuwa Gwanja su komo da goro, suna ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri da Busa, su ratsa ƙasar Bargu har su dangana da Salaga, ba su taɓa ɗaukar tafiya a matsayin aikin jarumtakar mutum guda ba. Ayari yana da madugu, wanda ba a ba shi wannan amana sai ya san kowane zango da kowace rijiya da halin kowane sarki da ke kan hanya. Yana da jagaba mai shiga gaba ya dubo lafiyar hanya tun kafin jakuna su iso. Yana da uban dawaki mai tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakuna. Yana kuma da malami mai rubuta lissafi da jagorancin salla da addu'a. Tafiyar da kan ci wata shida, wani lokaci har shekara, ba a fara ta sai an lissafa damina da rani, an san inda za a sami ciyawa da inda za a yi haƙuri da ƙishi. Wannan tsari ilmi ne cikakke, wanda aka gina bisa tajriba da asarar rayuka, kuma duk wanda ya yi tadabburi zai ga cewa ayyukan nan huɗu suna nan daram a wuyan matafiyin yau, sai dai sau da yawa shi kaɗai yake so ya ɗauke su duka, yana dogaro da taswirar wayarsa.

Haka nan alhazan da suka bi ta ƙasa, daga Maiduguri zuwa Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, su wuce Abeshe da Fashir da Khartum har bakin Bahar Maliya, da yawansu sai da suka yi shekaru suna ƙodago a gonakin Sudan kafin guzurinsu ya cika. Wannan tafarki yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023 ya toshe shi, kuma duk wanda ya ce zai bi shi a halin da ake ciki ya jefa kansa cikin halaka ne da hannunsa.

Fiton zamaninmu takardu ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta halatta wa ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shiga wata daga cikinsu ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma wannan rangwame na mutum ne, abin hawansa kuwa yana da nasa hukuncin. Wajibi ne a riƙe fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallakar mota ko babur da sunan mai tuƙin ko kuwa wasiƙar izini daga mai shi, da katin inshora na ECOWAS mai launin ruwan ƙasa wanda aka kafa tun 1982, sannan a bakin iyaka a karɓi izinin kwastan na shigar da abin hawa na ɗan lokaci. Wanda ya isa gaban jandarma babu ɗaya daga cikin waɗannan, ba ya jin Faransanci, bai kuma canji sefa ba, zai gane cewa hasarar kwana biyu a ofis a gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Bayan takardu akwai siyasa, wadda takan juya cikin dare guda. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 har zuwa ƙarshen 2020. An sake rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Shi kansa babur, wanda samari suka fi so saboda arahar mai, a wasu yankunan abin tuhuma ne, domin a sassan jihar Tilaberi hukuma ta haramta hawansa a farkon 2020 saboda 'yan bindiga sun mai da shi dokin yaƙi. Mu da muka san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Mariga da Rafi ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a kan haka. Lura kuma, matafiyan nan biyu da ake koyi da su dukansu ta Maroko da Muritaniya da Sanagal suka zagayo, ba su keta tsakiyar Sahara ba.

Ita Sahara ba a yi mata gangancin ƙuruciya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da ƙananan yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Sabili da haka wanda bai iya yin faci da hannunsa ba, bai iya gyara sarƙa ko canja fulogi ba, bai kuma san tazarar da ke tsakanin gidan mai da na gabansa ba, to bai kai munzalin wuce Tawa ba tukuna.

Na san za a ce rai da ajali na hannun Allah, kuma haka ne, babu shakka. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, gafala ce ke sa mutum ya kira sakacinsa ƙaddara. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa matafiyi ya yi kasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, ta yarje masa taimama idan ruwa ya ƙaranta, ita ce ta kwaɗaitar da shi ya biya bashi, ya rubuta wasiyya, ya bar wa iyalinsa abin da za su ci, ya kuma nemi abokin tafiya.

Kirana ga iyaye da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu babura a Kontagora shi ne kada su kashe wa yaran nan gwiwa, kada kuma su sallame su da addu'a kaɗai. A zaunar da su gaban tsofaffin direbobin da suka san hanyar Nijar da Binin da Gana, a duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, a sa su fara da Ƙonni ko Maraɗi cikin ayari na mutum uku ko huɗu, da rana, a lokacin rani, kafin a yarda wani ya ambaci Agadas.