Tsira Allura Don Ciwon Ɓarin Kai: Kai Zai Sami Sauƙi, Aljihu Fa?



Akwai wata baiwar Allah da na saba gani a tagar ɗakin magani, malamar makaranta ce, ciwon ɓarin kai ya daɗe yana gasa mata aya a hannu. In ya taso, sai ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta son haske ba ta son ƙara, ga tashin zuciya, wani lokaci har kwana biyu tana kwance. Kwanakin baya ta nuna mini wani talla a wayarta, wai tsira allurai irin na mutanen Sin, wanda ake kira akufanca, yana raba mutum da ciwon, yana kuma raba shi da sayen magani. Ta ce, "Malam, in tara kuɗi in je?" Ranar layi ya yi tsawo, ban ba ta amsar da ta dace ba. Ga amsar yanzu, gare ta da duk mai tambaya irin tata.

Ra'ayina shi ne, alluran suna rage wa mutane da dama yawan kwanakin ciwo, amma zancen cewa suna rage kashe kuɗi, hujjar da ke hannu ba ta goyi bayansa ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, waɗannan ba allurar asibiti ba ce, babu ruwan magani a cikinsu. Sirara ne ƙwarai, ana tsira su a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, a bar su kamar minti ashirin zuwa talatin, sannan a zare. Ba ƙaho ba ne, ba a fitar da jini. A ciwon ɓarin kai galibi don rigakafi ake yi, wato a rage yawan tasowarsa, kuma zama ɗaya ba ya wadatarwa.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi kan batun kuɗi an yi shi ne a Birtaniya, mujallar likitoci ta BMJ ta buga shi a 2004. An ɗauki mutum 401 masu yawan ciwon kai, akasarinsu na ɓarin kai, aka raba su biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da kulawar da suka saba samu, ɗaya kashin aka ƙara musu tsira allura har zama goma sha biyu a cikin wata uku. Bayan shekara guda, waɗanda aka tsira wa allura sun sami ragin kwana 22 na ciwon kai a shekara. Shan maganinsu ya ragu da kashi 15 cikin ɗari, zuwa wurin likita ya ragu da kashi 25, fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 15.

Masu talla a nan suke tsayawa, domin nan ne labarin ya fi daɗi. Amma wannan binciken yana da ɗan'uwa da aka buga tare da shi, wanda ya yi lissafin kuɗin. A shekarar, abin da aka kashe kan kowane mutum a ɓangaren allura ya kai fam 403, a ɗaya ɓangaren kuwa fam 217. Kusan ninki biyu ke nan. Ɗan abin da aka rage na magani da ganin likita bai kama ƙafar ladan mai tsira allurar ba. Duk da haka masu binciken sun ce tsarin ya cancanci kuɗinsa, domin bisa ma'aunin da ake amfani da shi a can, an kashe fam 9,180 don samun kwatankwacin shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya, alhali a wancan lokacin hukumomin lafiyarsu kan amince da abin da ya kai fam dubu ashirin zuwa talatin. To, ka ga bambancin? A ce abu ya cancanci kuɗinsa daban, a ce ya fi araha daban. Na farkon hukunci ne na gwamnatin da ke biya wa jama'arta daga haraji. Na biyun shi ne abin da mai gida ke tambaya in ya sa hannu a aljihu.

Jamusawa sun bi wata hanya. Kamfanonin inshorar lafiyarsu ne suka ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje, don su san ko za su riƙa biya. A ɗaya daga ciki, wanda aka buga a 2005 da mutum 302, an kwatanta tsira allura ta ainihi da ta bogi, inda ake ɗan tsira allurar sama-sama a wuraren da ba su ne ƙa'ida ba. Duka biyun sun fi zaman jira amfani, amma ta ainihin ba ta fi ta bogin ba. Wani gwajin mafi girma da ya fito a 2006 ya nuna allurar ainihi, da ta bogi, da magungunan rigakafi, sakamakonsu ya yi kusa da juna. A wannan shekarar hukumar da ke yanke abin da inshorar gwamnati za ta biya ta amince da tsira allura don daɗaɗɗen ciwon baya da ciwon gwiwa, ta bar ciwon kai a waje.

Ni kam wannan sakamakon ya daɗe yana ba ni tunani. Ban ɗauke shi a matsayin shaidar cewa abin yaudara ne ba. Mutumin da aka kwantar a ɗaki mai shiru, aka saurari kokensa, aka taɓa jikinsa, ana maimaita haka mako bayan mako, ba abin mamaki ba ne ya ji sauƙi, kuma sauƙin na gaske ne. Mu da ke miƙa magani ta taga cikin minti biyu ya kamata mu ji kunyar wannan darasin. Daga baya, a 2016, ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 22 masu mutum kusan dubu biyar, ta sami ɗan fifiko ga allurar ainihi. Misalin da ta bayar yana da sauƙin riƙewa: mai kwana shida na ciwo a wata, zai koma biyar da kulawar yau da kullum, huɗu da allurar bogi, uku da rabi da ta ainihi. Ragi ne mai amfani, amma ba warkewa ba ce.

Yanzu mu dawo gida, inda mafi yawanmu daga aljihu muke biyan kuɗin asibiti. Zama goma na nufin biyan lada sau goma, kuɗin mota sau goma, barin aiki ko kasuwa sau goma, kuma masu wannan sana'a da horo na gaske ba su da yawa, galibi sai a manyan birane. A ɗaya gefen, tsofaffin magungunan rigakafi irin su propranolol da amitriptyline suna cikin mafi araha a kan kantarmu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawa daga cikin masu tambayata game da allura ba a taɓa gwada musu ko ɗaya ba. Shekara da shekaru suna sayen maganin kashe zafi kawai.

A nan ne ma kuɗi ya fi zurarewa. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, maganin da kansa na iya zama mai jawo ciwon kan. Ga haɗaɗɗun magunguna masu kafeyin ko kodin, da tramadol, da dangin sumatriptan, kwana 10 a wata ya isa. Sai ciwo ya ƙaru, a ƙara saye, ya sake ƙaruwa. Mai irin wannan hali, ko allura dubu aka tsira masa, sai an fara warware wannan ƙullin tare da likita.

To, wa ya dace ya gwada? Hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idarta ta ciwon kai da ta fito a 2012, ta ajiye tsira allura ne a matsayin mataki na gaba, idan propranolol da topiramate ba su yi aiki ba ko ba su dace da mutum ba, kuma ta iyakance shi ga zama goma a cikin mako biyar zuwa takwas. Ina ganin wannan matsayi ne na adalci, domin irin waɗannan mutane suna nan. Mai asma bai kamata ya sha propranolol ba. Topiramate na da haɗari ga ɗan tayi, kuma yana iya raunana wasu magungunan tazarar haihuwa, alhali mata sun fi maza fama da wannan ciwo kusan sau uku. Wasu kuma amitriptyline ke sa su barci da bushewar baki har su kasa aiki. Ga waɗannan, kuɗin allura na iya zama kuɗin da aka kashe bisa hanya.

In ka yanke shawarar zuwa, fara da littafi tun wata guda kafin zaman farko. Rubuta ranar da ciwon ya taso, tsawon lokacin da ya ɗauka, maganin da ka sha, da abin da ka kashe. Ka yi yarjejeniya da mai aikin kan adadin zama tun farko, kada ya zama abin da ba shi da ƙarshe. Bayan zama goma ka kwatanta. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi ga maganin rigakafi shi ne kwanakin ciwo su ragu da rabi. In ragin bai taka kara ya karya ba, ka tsaya haka nan. Ka tabbata an ɓare sababbin allurai a gabanka, domin allurar da aka maimaita na iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su sanar kafin a fara. Kada kuma ka ajiye maganin da likita ya ɗora ka a kai don ka fara allura, musamman propranolol, wanda yanke shi farat ɗaya ke da haɗari.

Ciwon kan da ya faɗo nan take da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko ya fara sabo bayan shekara hamsin, wannan ba na allura ba ne kuma ba na kantin magani ba ne. A tafi asibiti a ranar.