Tarihin Damagaram da Adar ya koma bakin masu shi

A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ake kira IRSH, tana fitar da mujalla mai suna "Mu Ƙara Sani". Sunan Hausa ne, amma kusan duk abin da ke cikinta da Faransanci aka rubuta shi. Wannan al'amari ya isa a tsaya a duba.

Aikin da cibiyar ta yi ba ƙarami ba ne. Cikin jerin littattafanta na "Études Nigériennes" aka buga tarihin sarautar Damagaram na André Salifou a 1971, aka buga tarihin Adar na Djibo Hamani a 1975. Can ake samun labarin Sarki Tanimun da ya kewaye Zindar da ganuwa, da na Agabba da ya ci ƙasar Adar. A cibiyar kuma ake ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya soma tarawa.

To, daga ina masana suka samo yawancin wannan sani? Daga bakin tsofaffi, da maroƙa, da malamai, da dogaran fada. Da Hausa aka ba da shi, da Faransanci aka kulle shi. Yau jikan wanda ya ba da labarin ya gama yaƙi da jahilci, ya iya karatun harshensa, amma tarihin garinsu ya fi ƙarfinsa. Sai ya koma karanta takardar takin zamani da ta rigakafin dabbobi kaɗai.

Wasu ma'aikata za su ce kuɗin ɗab'i ba su isa ba, masu karatu kuma ba su da yawa. Ai mai karatu ba ya yawaita inda babu abin karantawa. Fassara shafi huɗu a kowace fitowa ba ta kai kuɗin taro guda na kwana biyu ba, kuma masu fassara suna nan a ma'aikatu.

A 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Ya kamata cibiyar da hukumar yaƙi da jahilci su haɗa hannu, mujallar ta isa Maraɗi da Tawa da Zindar cikin harshen da sunanta ya yi alkawari. Tsofaffin suna ƙarewa, abin da aka aro gare su kuwa ba a mayar ba tukuna.