Direbobi, Ku Ba Yaran Nan Yini Ɗaya!

Jama'a, a kawo kunne, musamman ku masu riƙe da sitiyari!

A 1945, yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, wasu direbobin tasi na birnin Gilasgo a Sikotlan suka ɗebi yara naƙasassu suka kai su Troon, wani gari da ke bakin teku, don su yini suna wasa a rairayi. Ba attajirai ba ne. A lokacin ko nama da sukari sai da katin rabo ake sayen su a Birtaniya, rigakafin shan inna kuwa bai samu ba sai 1955, ga yara birjik da sanduna da ƙarafa a ƙafa, an killace su a gidaje da asibitoci. Direbobin nan suka haƙura da cinikin yini guda. Abin ya zama al'ada: duk watan Yuni sai a yi wa motoci ado da balan-balan, direba ya sa kayan ban dariya, a jera fiye da mota ɗari, mutanen gari su fito bakin titi suna ɗaga hannu. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan fitowar. Yaron da aka saba ɓoyewa, ran nan shi ake wa tafi.

To mu fa? A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, amma waɗanda ta gurgunta suna nan tare da mu, ga makafi, ga kurame. Yawancinsu fitarsu biyu ce: asibiti ko bara. Haba jama'a!

Kada wani ya ce ba mu da teku. Tiga da Bagauda ba ruwa ba ne? Gidan zu na Kano ma ga shi nan kusa da makarantar yara naƙasassu ta Tudun Maliki.

Shugabannin tasha, ku tsayar da rana. Masu Adaidaita Sahu da bas, ku kawo abin hawa. Masu motoci, ku yafe balas na ranar. 'Yan kasuwa, mai da abinci naku ne. A nemi ma'aikatan jinya, a sa babba a kan kowane yaro a bakin ruwa. Iyaye kuma, don Allah ku bar kunya, ku yi musu wanka, ku sa musu kayan Sallah, ku fito da su ƙofar gida da sassafe.