ZANCEN KASUWA: Kafin Ruwa Ko Wuta

Wanda ya ga ambaliyar 2007, ko ruwan da kan malalo ƙasar Bawku in an buɗe madatsar Bagre, ya san jarin shekara goma kan tafi a dare ɗaya. NADMO kan kawo shinkafa da katifa, amma ba ta mayar da jari.

To, Alhaji, in mai inshora ya zo shagonka a Yendi ko Salaga, daɗin bakinsa kada ya ruɗe ka. Ina lasisinsa na hukumar NIC? Takardar ta haɗa da ambaliya, ko gobara kaɗai? Wa suka taɓa biya a garin nan, bayan wata nawa? Ni kam sai na ga mutumin da idona. Littafin bashi kuwa, ɗauki hotonsa ka aika wa ɗan'uwanka a Kumasi.