Kafin Mu Kafa Rumfa a Filin Jama'a

 A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan abin da ya shafi kowane gida daga cikinmu, wato taron suna da na aure da walimar sauka da yawon Salla. Akasarin waɗannan a waje muke yin su, domin gidajen haya na Akébé da Lalala da Nzeng-Ayong ba su da tsakar gida irin ta Kano ko Maraɗi wadda za ta ɗauki mutum ɗari biyu. Saboda haka sai a kafa rumfa a bakin titi ko a filin unguwa, matasa kuma su kwashi tukwane da gawayi su nufi bakin teku wajen Lycée Léon Mba. Taruwa don farin ciki abu ne mai kyau, amma wuraren nan na kowa ne, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa kula da su.

A ƙasar Gabon, doka mai lamba 001/2017 ta ranar 3 ga Agusta, 2017 ita ce ta tsara taruka a wuraren jama'a. Ta tanadi a kai wa hukuma sanarwa a rubuce aƙalla kwana uku kafin ranar taro, ɗauke da sa hannun mutum uku daga cikin masu shiryawa, a bayyana wuri da rana da lokaci da maƙasudin taron. Walimar da aka yi a cikin gida sha'anin mai gida ce, amma da zarar kujeru sun hau titi ko filin gari, hankali shi ne a je a tambayi hukuma tun da wuri. Birnin Libreville gunduma shida ne, kowace da ofishin magajin garinta, kuma shi ne ƙofar da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa, bayan an sanar da mai unguwa. A lura kuma cewa Akanda da Owendo garuruwa ne masu cin gashin kansu, don haka mai taro a Angondjé ba ofishin Libreville zai je ba. Masu son fita shan iska su tuna cewa Akanda da Pongara suna cikin gandun daji 13 da aka keɓe a shekarar 2002, kuma ba a shiga irin waɗannan wurare da murhu sai da yardar masu gadinsu.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce, wai zirga-zirgar ofis ɓata lokaci ce, kuma shekara da shekaru ana taro ba wanda ya tanka. Amsarmu ita ce suna sai ranar bakwai ake yi, aure kuwa ana sa ranarsa tun da watanni, saboda haka kwana uku ba su gagari kowa ba. Takardar da aka buga wa hatimi kariya ce ga mai taro, domin idan maƙwabci ya kai ƙara ko 'yan sanda suka zo, ita za ta yi magana, ba sai an shiga roƙo da ban haƙuri a gaban baƙi ba. Sannan wake ɗaya shi ke ɓata gari: idan gida ɗaya ya tare hanya har mara lafiya ya kasa wucewa, ba sunan mai gidan za a kama ba, cewa za a yi Hausawa ne, ko kuma Musulmi ne.

Abin da ya fi takarda nauyi shi ne wuta. A ranar 15 ga Afrilu, 1997, gobara ta tashi a Mina daga wajen girki, ta bi tantuna, alhazai fiye da 340 suka rasu, abin da ya sa Saudiyya ta koma kafa tantunan da ba sa kama wuta. A watan Agustan 2009, a garin Jahra na Kuwait, mata da yara fiye da 50 suka mutu a tantin biki da aka cinna wa wuta, tantin kuwa ƙofarsa ɗaya ce. A watan Satumban 2023, wasan wuta a cikin zauren biki a Hamdaniya ta Iraƙi ya ci rai fiye da 100. A nan gida, 'yan kasuwarmu na Mont-Bouët sun ga gobara ba sau ɗaya ba. Hausawa suka ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu dubi yadda muke tsara rumfunanmu. Maza suna gaba, bakin hanya, inda gudu yake da sauƙi. Mata da yara suna baya, an kewaye su da leda da zannuwa saboda sutura, kuma a gefensu ne ake soya nama. Ke nan masu rauni su ne mafi kusa da wuta, kuma mafi nisa da mafita. Sutura wajibi ce, amma ba ta hana a bar ƙofa biyu a sashen mata, a kuma matsar da wurin girki nesa da rumfa.

Tukunyar gas a ajiye ta a tsaye, a inuwa, a gwada tiyonta da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaye ƙasa take kwanciya, daidai inda yara ke zaune. Idan mai ya kama wuta a kasko, kada a watsa masa ruwa, a kashe murhu a rufe shi da murfi. Janareta a sa shi a fili, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba, kuma kada a zuba masa fetur sai ya huce. Kada a jona fitilu da lasifika da firji duka a waya ɗaya. A bakin teku, garwashin da aka binne a yashi yakan daɗe da zafinsa, ƙafar yaron wani ce za ta taka shi, don haka a kashe shi da ruwa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin rani, ciyawa ta bushe, sai a ƙara kula. A ƙarshe, a bar hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga.

Wanda ya ce ai komai ƙaddara ce, sai mu tuna masa cewa lokacin da wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umartar mutane ya yi da su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Shawararmu ga shugabannin unguwanni ita ce a yi karo-karo a sayi tukwanen kashe gobara biyu ko uku, a ajiye su tare da kujeru da tabarmin da ake ba da aro, ta yadda duk wanda ya ari kujera zai tafi da ɗaya. A kuma ware matasa biyu masu jin Faransanci su riƙa rubuta wa iyaye takardar sanarwa, su raka su ofis. A kowane taro a naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa lura da wuta ne kawai, da lambar 'yan kwana-kwana a wayarsa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa tarukanmu su watse lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.