Tasawa da Mayahi na buƙatar jini da motar asibiti kafin jirgin ceto

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsari a kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, tambaya ɗaya ce ke yawo a Facebook: me ya hana gwamnati samar da jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar waɗanda suka jikkata? Tambayar tana da hujja. Daga Tasawa zuwa manyan asibitocin birnin Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce, kuma wanda mota ta kaɗe a ƙauyukan Urafan ko Kanembakashe sai ya fara ratsa yashi kafin ya taka kwalta.

Likitocin tiyata sun daɗe suna jaddada cewa sa'ar farko bayan mummunan rauni ita ce mafi tsada, domin zubar jini ba ya jiran kowa. Wannan ne ya sa Jamus ta ƙaddamar da jirgin ceto na Christoph 1 a birnin Munich a 1970, Landan kuma ta samu nata a 1989. Sai dai a waɗancan ƙasashe jirgin ya tarar da lambar kiran gaggawa mai aiki, da ma'aikatan da suka iya tsayar da jini a bakin hanya, da ɗakin tiyatar da ke jira dare da rana.

A Mayahi da Tasawa kuwa, matsalar tana farawa tun daga ƙasa. Wanda ke fara isa wurin hatsari galibi ɗan kabu-kabu ne ko direban motar haya, kuma ba a taɓa koya masa yadda ake danne rauni ko ɗaga mai karayar wuya ba. Sau da yawa sai dangi sun haɗa kuɗin mai kafin motar asibiti ta tashi. Idan aka isa asibitin gunduma babu jini a firiji, sai a koma neman ɗan'uwan da zai bayar. Jirgin da zai sauka a irin wannan yanayi zai tarar da mutum ya riga ya galabaita. Ga kuma hazon hunturu da ke hana jirage tashi, da tsadar mai da kayan gyara.

Wannan ba ya nufin a binne maganar jirgin. Hukumomin jihar Maraɗi na iya neman yarjejeniya da rundunar soja domin a riƙa aron jirgi idan hatsari ya rutsa da mutane da yawa. Ruwanda ma ta nuna wata hanya tun 2016, inda jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin karkara.

Amma abin da ya fi gaggawa shi ne likitan tiyata da ma'ajiyar jini mai aiki da hasken rana a asibitocin Tasawa da Mayahi, da asusun mai na motocin asibiti, da horon agajin farko ga ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu. 'Yan asalin yankin da ke aiko da kuɗi daga Legas, Libiya ko Faransa na iya fara ɗaukar nauyin ɗaya daga ciki tun bana, su kuma nemi magadan gari su riƙa bayyana yadda aka kashe kowace dala.